Gwaggo da Rediyo Zogale

Duk wanda ya zauna unguwar Zariya ta Maraɗi a shekarun nan ya san shagon Zakari mai gyaran rediyo, kuma duk wanda ya san shagon ya san Gwaggo. Gwaggo dai ba mutum ba ce, kada ka je kana gaishe ta. Na'ura ce mai siffar akwatin ƙarfe, ruwan toka, nauyinta ya kai rabin buhun gero, da wani kewayayyen gilashi a goshinta. Masu boko suna ce mata osilo. Aikinta ɗaya ne: ka ɗora bakin wayarta a cikin rediyo ko lasifika mai ciwo, sai wani koren zare ya fito a gilashin yana rawa, yana nuna siffar wutar da ke gudu a ciki. Wanda ya iya karatun zaren nan ya ga cuta ƙiri-ƙiri da idonsa. A duk faɗin Maraɗi kuwa Zakari kaɗai ya iya.

Tare suka bar aikin gwamnati. Shekarar da aka rage ma'aikata aka ce masa ya je ya huta, ita kuma aka ce ta tsufa, aka wurgar da ita bayan biro, wato ofis, cikin tarkace. Zakari ya naɗa gammo, ya ɗauko ta a ka, ya ratsa gari da ita mutane na dariya. Tun daga ranar yake kula da ita fiye da yadda yake kula da kansa. Gashin kaza yake sa wa ya share mata ƙura. Duk wata sai ya kwance bayanta ya fasa gidan da zanzaro ya gina mata. Ko babu aiki, duk Juma'a sai ya kunna ta ta yi awa guda, wai kayan cikinta in sun daɗe ba su sha wuta ba bushewa suke yi. Ya sa mata suna Gwaggo ne saboda ba ta son a tashe ta da gaggawa: in ka kunna ta sai ta yi minti ashirin tana ɗumama jiki, kwalaben lantarkin da ke cikinta su yi ja, sannan ta ga dama ta buɗe ido.

To, zamanin kuwa zamanin buɗewar baki ne. Tun da aka yi babban taron ƙasa a Yamai, kowa ya gano ashe yana da harshe. Parti-parti suka fito har an rasa masu ƙirga su, kullum mitin, kullum yajin aiki, manyan ƙasa can sama ba sa ga maciji da juna. Ga shi an karya darajar kuɗin sefa, abin da kake saye dala ya koma dala biyu, kayan gyara na Faransa kuwa sai dai ka ji labarinsu. Amma mutane murna suke yi kamar an ba su kyauta, domin yau mai shayi ma yana iya zagin minista ya kwana a ɗakinsa.

A cikin wannan hayaniya Alhaji Abubakar Sadiƙ, mai fataucin atamfa da man fetur, ya tashi wata safiya ya ce shi gidan rediyo zai buɗe. Ya sayo tsohon injin watsa murya daga Kwatano, ya sa aka kafa shi a lambunsa na Jiratawa, inda akwai wutar famfunan ban-ruwa da doguwar hasumiyar tanki da za a ɗaura anten, wato eriya. Mutanen gari da baki ba ya mutuwa suka ce ai wannan Rediyo Zogale ce, tunda cikin zogale aka dasa ta. Alhaji ya ji sunan ya yi masa daɗi, ya sa aka rubuta a allo. Ya aika wa makaɗa, ya sayi raguna uku, ya sa aka yi shela cewa Asabar bayan la'asar kowa ya kunna rediyonsa.

Ranar Alhamis aka gwada injin. Innalillahi! Wani gunji ya fito, wuuuu, kamar an tsokano gidan zuma. Wanda ya yi magana a makirfo ana jin muryarsa can ƙasan gunjin, ba ka bambance sallama da zagi.

Alhaji ya tara mutane a zaurensa, ransa a ɓace. Ya ce, "Malam Zakari, ni ba ni son kunya. In abin ga ya fi ƙarfinka ka hwaɗi mini tun yanzu, in tura mota Kano a ɗauko injiniya mai kayan zamani. An ce kai da akwatinka duk zamaninku ya wuce."

Wayyo, da bai faɗi ta ƙarshen ba. Zakari ya miƙe tsaye, hularsa har tana karkacewa. Ya ce, "Alhaji, da tsohuwar zuma ake magani. Ga mutane nan shaida. In Asabar bayan la'asar rediyon ga ba ta yi magana tas ba, ni Zakari na rufe shagona, na ɗauki tire na shiga tallan zogale a bakin lambunka. Kada a tura mota ko'ina."

Aka yi tafi, aka yi shewa. Kafin magariba maganar ta kai kasuwa, ta kai tasha. Shi kuma gogan ya koma shago yana taƙama, ya yaye zanen da yake rufe Gwaggo da shi, ya ce mata, "Tashi, tsohuwa, an taɓa mu." Ya kunna ta. Minti ashirin, shiru. Minti arba'in, gilashi baƙi ƙirin. Ya kwance bayanta ya leƙa: kwalabe duk sun yi ja, sai guda ɗaya da ta yi fari fat daga ciki, alamar iska ta shige ta, ta mutu ke nan. Baki shi ke yanka wuya. Zakari ya zauna a kan benci ya riƙe kai, tsoro ya kama shi sosai, domin a ransa har ya fara jin nauyin tiren nan.

Idirisa ne ya same shi a haka. Idirisa taubashinsa ne, ɗan ƙanwar babansa, malamin lakwal ne, wato makarantar boko, amma tun da yajin aiki ya ƙi ƙarewa ya koma kabu-kabu da motonsa, wato babur. Da ya ji abin da ya faru sai ya faɗi ƙasa yana dariya. Ya ce, "Bawana, ni zan fara saye. Na dala biyar, ka sa mini ƙuli da yawa."

"Tashi ka ba ni wuri, ɗan banza. Ina zan samu kwalba irin wagga a ƙasar ga?"

Idirisa ya karɓi kwalbar ya jujjuya ta. Ya ce ya taɓa kai wani fasinja Tibiri, gidan wata tsohuwa Inna Ramatu, matar wani tsohon soja da ya rasu, kuma ya ga wata ƙatuwar rediyo ta katako a ɗakinta, irin wadda sojan Faransa ke dawowa da ita. Zakari bai bari ya rufe baki ba ya rungume shi, har suka kusa ture benci.

Washegari ana sallame Juma'a suka hau moto. Tafiyar da ba ta kai rabin awa ba ta ci musu awa biyu, saboda parti biyu ne ke mitin a kan hanyar. Idirisa kuwa shiryayye ne: huluna uku ne a aljihunsa, kowace da alamar partinta. In ya hango tuta sai ya rage gudu, ya sauya hula, ya ɗaga hannu yana kirari, a buɗe musu hanya ana yi musu guɗa. Sau ɗaya ya yi kuskure ya sa hular abokan hamayya, sai da suka bi ta cikin gonar wani suna tsallake kunya-kunya, Zakari na salati yana zaginsa a lokaci guda.

Inna Ramatu ta karɓe su da fura. Rediyon na nan a kusurwar ɗaki, an jera mata kwanonin sha a ka, rabonta da magana tun kafin babban fari. Da Zakari ya yi bayani, tsohuwa ta dube shi sama da ƙasa.

"Ku 'yan wace parti ne? Ni huɗu suka zo nan, kowace ta ba ni zane, kowace na yi mata alkawari."

"Inna, mu ba ƙuri'a muke so ba. 'Yar kwalba guda ce a cikin akwatin Baba marigayi."

"To ai sai ku tambayi mai ɗakin."

Mai ɗakin ashe kaza ce. Ta shiga ta bayan rediyon inda katako ya ɓalle, ta yi sheƙa, tana kwanci. Inna Ramatu ta ce duk abin da za a yi a yi, amma in aka tashe ta daga kwancin nan ba ta yafe ba. Haka Zakari, mutumin da ya yi shekara ashirin da shida yana aikin gwamnati, ya kwanta rub da ciki a ɗakin tsohuwa, ya zura hannu ta gefen kaza yana lalube. Ta sare shi sau bakwai, Idirisa na tsaye yana ƙirgawa da ƙarfi kamar a aji. A na takwas ya zaro kwalbar, ya goge ta da bakin riga, ya karanta lambar da ke jikinta. Ita ce, harafi da harafi! Ya yi wani tsalle da ban san yana da ƙashinsa ba, ya kama hannun Inna Ramatu yana ta godiya, ita kuwa tana cewa ya sake ta kada ya karya ta.

Asabar da hantsi Gwaggo ta buɗe ido. Koren zaren nan ya miƙe sambal a gilashi, Zakari ya yi masa kirari, maƙwabta suka leƙo suna barka kamar an yi haihuwa. Aka naɗe ta da bargo, Zakari ya ɗora ta a cinya a bayan moto, suka kama hanyar Jiratawa a hankali, duk ramin da suka tarar sai ya sa Idirisa ya tsaya sun tsallaka shi da ƙafa.

Lambun Alhaji ya riga ya cika. Makaɗa sun iso, ana fiɗar raguna, an kafa rumfa, mutanen ƙauyukan gulbi sun zo kowa da rediyonsa a hannu, wai su ji maganar tun tana da zafi. Ɗakin injin ɗan ƙarami ne a gindin hasumiya, rufin kwano, ga watan bazara. Zakari ya ajiye Gwaggo a kan tebur, ya buɗe cikin injin. Abu biyu yake zargi. Ko dai wayoyin da aka ja daga ɗakin magana ne ke kwasar gunjin wuta, wanda gyaransu sai an tone su duka, ko kuma kwandansa ce ta bushe, wato wani gwangwani da ke tace wuta kafin ta shiga injin. In zaren ya fito yana lanƙwasa sumul, wayoyi ne. In ya fito da haƙora, gwangwanin ne. Lokacin da ya rage ba zai isa a yi duka biyun ba, shi ya sa sai Gwaggo ta faɗa.

Ya maƙala bakin wayarta inda ya dace, ya kunna injin, ya kunna ta. Daidai nan aka kira azahar. Ya duba agogo, ya ce ai kafin ta gama ɗumama jiki ya idar. Ya janyo ƙofa ya tafi alwala.

Yanzu bari in gaya maka wace ce Tasalla. Matar mai gadin lambun ce, mace mai kirki har kirkin ya yi mata yawa. Ba ta iya ganin abu cikin wahala ta wuce. Ita aka ba abincin baƙo ta kai ɗakin injin. Ta tura ƙofa, ta ajiye kwano, sai ta ga wani akwati na kallonta da koren ido. Ta tsaya tana kallo ita ma, abin ya burge ta. Can ta kai hannu ta taɓa bayansa, ta janye da sauri. Zafi kamar kaskon tuya! Ta ce, "Wayyo, bawan Allah ya bar kayansa za su dahe." A Jiratawa kuwa kowa ya san maganin wannan. Salak in ya ji rana, zogale in za a kai shi kasuwar Maraɗi, tulun ruwa, har jarkar nono, abu ɗaya ake yi musu. Ta fita ta ɗauko buhun algarara, ta tsoma shi a kwatamin ban-ruwa har ya sha ya ƙoshi, ta kawo shi yana zuba, ta lulluɓe Gwaggo da shi ruf, ta gyara gefe da gefe don kada iska mai zafi ta shiga.

Zakari na tahiyar ƙarshe ya ji tas! tas! Bai san yadda ya yi sallama ba. Ya iso a guje ba takalmi, ya tarar da tururi na fita ta ƙofa, da ƙaurin da duk mai gyara ya sani. Ya fizge waya daga bango, ya yaye buhun. Ruwa ya bi ta ramukan shan iska ya sauka a kan kwalabe masu zafi. Uku sun tsage, har da ta Tibiri. Gilashin goshi ya yi baƙi.

"Wa ya yi wannan? Wa ya yi mini wannan?"

Tasalla na bakin ƙofa, ta ce da fara'arta, "Ni ce, Malam. Ba komi, ai yi wa kai ne. Da ka ji zahin da ta yi!"

Garin gyaran gira an rasa ido. Zakari ya saki buhun, ya sunkuyar da kai. Idirisa da ya biyo shi ya leƙa, ya ga buhu, ya ga tururi, ya gane, kuma karo na farko a rayuwarsa dariya ba ta zo masa ba. Labari ya fita waje. Makaɗa suka sassauta. Alhaji ya aiko a tambaya ko lafiya, aka ce masa lafiya lau, ana ɗan gyara ne. Saura awa ɗaya da rabi la'asar.

Tasalla ta ga fuskar mutumin, jikinta ya yi sanyi. Ta durƙusa ta ce, "Malam, na yi ɓarna ko? Wallahi tausayi ta ba ni. Tana ta zana abinta gwanin kyau, na ce kada ta ƙone."

Zakari ya ɗago kai a hankali. "Tana mi?"

"Zane. Da koren zare."

"Kin gani? Da idonki? Baiwar Allah, wane iri ne? Kin tuna?"

Tasalla ta ɗan ɓata rai. Ashe ita ce mai zanen ƙwarya ta Jiratawa, duk ƙoren amaren gulbin nan hannunta ne. Ta ce, "Ni in ga zane in mance? Ba ni tsinke." Ta share ƙasa da tafin hannu a bakin ƙofa, ta tsuguna. Manyan mutane da manyan riguna suka kewaye ta suna leƙe, babu wanda ya san abin da ake kallo. Ta ja layi ya tashi tsaye cak, ya gangaro a hankali, ya sake tashi cak, ya gangaro. Ta yi guda biyar, ta tsaya, ta goge na biyar ta ce huɗu da rabi ne, na ƙarshen bakin gilashi ya yanke shi.

"Ba lanƙwasa yake ba? Kamar sawun maciji?"

"Haba Malam. Haƙora ne, irin na bakin lauje. Ga su nan."

Zakari ya yi wata ƙara da ta sa awakin lambu suka watse. "Kwandansa ce! Idirisa, kwandansa ce! Gwaggo ta faɗa kafin ta tafi, wagga mata ta ɗauko saƙon!" Ya kama rawa a gaban zanen, ƙafa ba takalmi, makaɗa da suka ga haka suka ɗauka an gama ne suka saki kiɗa, mata suka rangaɗa guɗa, Tasalla ta rasa ko kuka za ta yi ko dariya sai ta yi duka biyun.

Rawar ba ta yi nisa ba ya tsaya. Sanin cuta daban, samun magani daban. Ya koma ciki ya kashe injin, ya ciro gwangwanin, ga shi ya kumbura, gindinsa ya yi farin gishiri. Injin nan sa'an Gwaggo ne, kwandansarsa irin ta dā ce mai ɗaukar wuta mai ƙarfi, wadda ko a Kano sai an yi kwana ana nema. Ya juya ya dubi tebur. Ya san inda irinta take, guda ɗaya tak, lafiyayya, wadda ya yi shekaru yana shayar da ita wuta duk Juma'a.

Idirisa ya bi idonsa da kallo ya gane. Ya rage murya ya ce, "Zakari, tsaya. In ka shanya ta ta bushe, ka samo kwalabe, ai za ta tashi ko?"

"Za ta tashi. Ko shekara ce zan nemo su."

"In ka cire mata wancan fa?"

"An gama. Ba a ƙera irinta kuma. In ta shiga injin ga, ta shiga ke nan, rediyo ba ta hutu."

"To ka bari mana. Tallan zogalen wasa ne, wa zai riƙe ka da shi? Ni kaina ba ni saye."

Zakari ya dafa akwatin. Yana son na'urar nan, so na gaskiya, kuma bai ji kunyar hawayen da ya zubo masa a gaban taubashinsa ba. Amma ya leƙa ta taga ya ga mutane sun fi ɗari uku zaune cikin rana, kowa ya kara rediyo a kunne yana sauraron shuuu. Ya ce, "An ce zamaninmu ya wuce, ni da ita. In mota ta tahi Kano, an yi gaskiya ke nan. Sa mini ƙarfen liƙi a wuta."

Ya kwantar da Gwaggo a kan bargonta, ya kwance ta. Ya ɗauki sukundireba ya haɗa ƙafafun kwandansar don ta zubar da ragowar wutar da ta riƙe, ta yi tartsatsi fau, har Idirisa ya ja da baya. Zakari ya yi murmushi ya ce, "Ka gani? Da ranta." Ya narkar da dalma, ya zare wayoyi ɗaya bayan ɗaya, ya yanke maɗaurin. Ya goge gwangwanin, ya dasa shi a cikin injin, ya liƙe, ya duba, ya sake dubawa. Ana kiran la'asar yana ɗaure notin ƙarshe, kuma wannan karon sai da ya kulle ƙofa ya sa mabuɗi a aljihu kafin ya tafi salla.

Da aka idar, Alhaji ya zo da kansa ya tsaya a bakin ƙofa, fuskarsa ba yabo ba fallasa. Zakari ya yi bisimilla ya ɗaga makunni. Kwalaben injin suka fara ja. A waje shuuu ɗin da ke cikin rediyo ɗari uku ya ɗauke ɗif, lambu ya yi tsit har ana jin ruwa na gudu a kwatami. Wani ya ce, "Ta mutu." Zakari ya ce, "Ba mutuwa ba ce, tsabta ce. Ku ce yarinyar ta yi magana."

Sai muryar Nasiba, budurwar da aka ɗauka aikin gabatarwa, ta fito daga kowane hannu a lokaci guda, garau, har ana jin numfashinta: "Assalamu alaikum jama'ar Maraɗi, da Tibiri, da Jiratawa..."

Ba a ji sauran ba. Lambu ya kece. Aka ɗaga Zakari sama, hularsa ta faɗa cikin zogale ba a sake ganinta ba. Alhaji ya manta da girma ya shiga fili yana juyi da babbar riga, yana cewa a ƙara yanka rago. 'Yan parti uku da suka yi wata shida ba sa gaisawa suka rungumi juna bisa kuskure, suka saki, suka sake runguma. Idirisa ya sa hulunansa duka uku a kai. Tasalla kuwa tuni mata suka kewaye ta tana sake zana musu haƙoran a ƙasa, tana bayani kamar ita ta ƙera injin.

Zakari bai tsaya cin nama ba. Da ya samu aka sauke shi, ya koma ɗakin ya mayar wa Gwaggo da murfinta, ya ɗaure kowane noti a mazauninsa, ya tattara fasassun kwalaben a aljihu, ya naɗe ta da bargo. Ya ce wa Idirisa ya kai shi gida.

Rana ta yi sanyi suka hau hanya. Masu ban-ruwa sun rataye rediyo a reshen mangwaro. Mai faci a bakin gudron, titin kwalta, ya ƙure tasa. Amalanken shanu da suka wuce, mai tuƙin ya ɗaure tasa a wuya. Da suka shigo gari abin ya zama ba yankewa: teburin mai shayi ya miƙa wa mai tsire, mai tsire ya miƙa wa shagon tela, tela ya miƙa wa tagar wani gida, murya ɗaya, ba gunji ko na sauro. Nasiba na karanta gaisuwa, mutane na ihu duk wanda ya ji sunansa. Idirisa ya ji daɗi ya murɗa moto yana hon.

Zakari ya ƙanƙame akwatin da ke cinyarsa, wanda yanzu ya yi sanyi ƙalau. Dariya yake yi, hawaye na bin gemunsa. Ya dafa kafaɗar taubashinsa.

"Rage gudu, Idirisa."

"Ba rami a nan, bawana. Kuma mi ya rage da zai fashe?"

"Na ce ka rage. Shekara talatin ina kallon bakinta, ban taɓa jin muryarta ba sai yau. Bari in ji."

Idirisa ya saki mai, ya sauke ƙafafu ƙasa. Haka suka ratsa Maraɗi har Zariya, masu tafiya a ƙasa suna wuce su.